Desmos a ajin lissafi: amfaninta da iyakarta

Zana giraf na rashin daidaito, wato lissafin da ke nuna wani abu ya fi wani ko ya gaza shi, yana daga cikin darussan aljebra da ke wahalar da ɗaliban babbar sakandare a nan Sakkwato, domin da yawansu suna iya jan layin daidai, amma su rasa gefen da ya kamata a shafe da launi. Wannan matsala ce ta sa nake ba malamai 'yan'uwana shawarar manhajar Desmos, wadda Eli Luberoff ya kafa kamfaninta a Amurka a 2011. Kyauta ce, kuma idan an sauke ta a waya tana zana giraf ko babu data.

Da zarar ɗalibi ya rubuta y > 2x + 1, sai layi mai tsinke-tsinke ya bayyana, saman layin kuma ya rine da launi. Idan ya sauya alamar zuwa ≥, nan take layin zai haɗe, wato ɗigogin da ke kansa sun shiga cikin amsa, bambancin da malami kan ɓata rabin darasi yana maimaitawa a allo. Inda ta fi burge ni shi ne wurin haɗa sharuɗɗa da yawa: a rubuta x ≥ 0, y ≥ 0 da x + y ≤ 6, kowanne zai fito da launinsa, kuma inda suka haɗu zai yi duhu, siffa mai kusurwa uku a (0,0), (6,0) da (0,6).

Sai dai amsa kawai take nunawa, ba ta nuna matakan aiki. Wanda ya rubuta −2y < 4 zai ga an shafe saman layin y = −2, amma ba zai san cewa rabawa da lamba mai alamar ragi ce ta juya alamar ba, sai malami ya faɗa masa. Haka kuma Desmos tana shafe yankin da ake so, alhali wasu littattafan darasi suna shafe wanda ba a so, don haka wajibi ne a karanta umarnin tambaya da kyau.

Tun da ba a shiga jarrabawar WAEC ko NECO da waya, ɗalibi ya fara zanawa da fensir da rula a takardar giraf, ya gwada ɗigon (0,0) a cikin lissafin don gane gefen da zai shafe, idan layin bai bi ta kansa ba, sannan ya buɗe manhajar ya duba aikinsa.