Tamfilet, manuni ko std::function: wanne za ka ɗauka a C++?

Kafin ka zaɓi yadda fankishan ɗinka zai karɓi wani fankishan, ka fara sanin abu guda: nan take za a kira shi a wuce wurin, ko ajiye shi za a yi sai an buƙata? Wannan ce ke raba gardama.

In nan take ne, ɗauki tamfilet, wato fankishan da ake rubutawa sau ɗaya ya yi aiki da nau'uka daban-daban. Da shi std::sort ke karɓar ma'aunin da yake jera abubuwa. Kwamfaila, mai fassara rubutunka zuwa harshen na'ura, ta san ainihin nau'in lambdar da ka miƙa (lambda ƙaramin fankishan ne marar suna da ake rubutawa a inda za a yi amfani da shi), don haka tana iya zuba jikinta kai tsaye a inda ake kiranta. Shi ya sa sau da yawa std::sort ke tsere wa qsort na C, wanda sai ya bi ta manuni, wato adireshin fankishan ɗin, duk lokacin da zai gwada abu biyu. Amma ba kyauta ba ne. Kowace lambda nau'inta daban, ko da rubutunsu iri ɗaya ne, kuma kowacce sai an yi mata nata kwafin fankishan ɗin, manhaja ta yi ta kumbura. Galibi jikin tamfilet a fayil ɗin heda (wanda ake jawowa da #include) yake zama, kuma ba ya yiwuwa ya zama virtual. Ga wani tarkon da ke kama sababbin hannu: in fankishan biyu suna amsa suna ɗaya, ka miƙa sunan haka nan, kwamfaila za ta ƙi, don ba ta san wanne kake nufi ba. Naɗe kiran a cikin lambda, magana ta ƙare. In kana kan C++20, ɗaura wa tamfilet ɗin std::invocable, sharaɗin cewa abin da aka miƙa ana iya kiransa, saƙon kuskure zai karantu.

Manunin fankishan bayit 8 ne kacal a na'ura mai bit 64, sai dai a cikin lambdodi, wadda ba ta kamo komai daga waje ba kaɗai yake karɓa. Wurinsa inda kake hulɗa da laburaren C.

Shi kuwa std::function, wanda ya zo a 2011, na ajiya ne: abin da za a yi in an danna maɓalli, ko ayyukan da ke layi suna jira. Girmansa bayit 32 a kwamfailar GCC, 64 a kwamfailar MSVC. A GCC, lambdar da kayanta suka wuce bayit 16 sai an nemo mata wuri da new, wanda ba ƙaramar asara ba ce in ana ƙirƙirar std::function ɗin sau miliyan. Yana kuma bukatar abin da ake iya kwafa. Lambdar da ta riƙe unique_ptr, manunin da ba ya kwafuwa, ba za ta shiga ba, sai std::move_only_function na C++23. Ka kira std::function ba komai a ciki, ya jefo std::bad_function_call.

Mafi muni shi ne lambda mai [&], wato mai nuni ga kayan waje maimakon kwafo su, da aka ajiye. Fankishan ɗin da ya haife ta ya koma, kayan da take nunawa sun shuɗe, kwamfaila kuma yawanci ba ta cewa uffan. Duk lambdar da za ta daɗe a ajiye, kwafo mata kayanta ɗaya bayan ɗaya da sunansu.