Na'urar gasa nama ta lantarki: mai farantin da ake cirewa ko mai farantin da ke manne?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tambayarki ita ce kina son sayen na'urar gashin nan ta lantarki mai murfi, wadda ke gasa nama sama da ƙasa a lokaci guda, kin ga iri biyu a kasuwa: wadda farantanta ke manne da jikinta, da wadda ake ɓalle farantan a wanke. Kin ce abin da za ki fi gasawa kaza ce da kifi da tsire, sai burodin yara da safe. Ga yadda suke idan an jera su.

Mai farantin manne ita ce tsohon yayi, irin wadda ta yi suna da sunan ɗan damben Amurka George Foreman tun da ta fito a 1994. Ƙarfen da ke ɗaukar zafi, wato elamen, a jikin farantin yake, babu rata a tsakaninsu. Shi ya sa take saurin yin zafi, kuma idan kin ɗora nama mai sanyi ba ta daɗewa zafinta ya dawo. Ta fi araha, ba ta da nauyi, kuma abin da zai iya lalacewa a jikinta kaɗan ne. Yawancinsu ba su da maɓallin rage zafi ko ƙarawa: ki jona, fitila ta nuna miki ta yi zafi, shi ke nan. An karkata ta gaba domin kitse ya gangaro cikin ɗan tiren da ake sakawa a bakinta.

Mai farantin cirewa kuwa, irin OptiGrill ta kamfanin Tefal ko Griddler ta Cuisinart, a mafi yawansu elamen ɗin a ƙarƙashin farantin yake, farantin yana zaune a kansa ne da 'yan maƙalai. A masu kyau ba za ki ga bambancin zafi ba. A masu arha ne matsalar take: farantin siriri ne, bai kwanta sosai a kan elamen ba, sai tsakiya ta ƙona nama gefe kuma bai nuna ba. Idan za ki saya, ki ɓalle farantin ki ɗaga shi a hannu. Mai nauyi shi ne mai riƙe zafi. Ki mayar da shi ki ji ya yi ƙas, sannan ki girgiza. In yana motsi, ki bar ta.

Wajen wanki ne suka rabu ƙwarai, kuma a nan ne abin da kika ce za ki gasa ya shigo. Yajin tsire akwai ƙuli-ƙuli a ciki, shi kuwa garin gyaɗa da ya haɗu da mai da zafi sai ya ƙone ya daskare a cikin ramukan farantin. Haka duk haɗin da aka sa wa zuma ko sukari. Kifi kuma ƙarninsa yana zama a jikin farantin, gobe ki gasa burodi yara su ji shi. Da mai cirewa, ki bari ta huce, ki ɓalle farantan, ki jiƙa su cikin ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na minti 15, ki goge da soso mai laushi. Sharaɗi ɗaya ne: su bushe sarai gaba da baya kafin ki mayar, kuma lokaci-lokaci ki duba ƙarƙashinsu, domin mai yana zurarewa ta gefe ya taru kusa da elamen, shi ne ke kawo hayaƙin da mutane ke zaton na'urar ce ta lalace.

Mai manne ba a tsoma ta a ruwa, ba a kuma tara ta a famfo, ko da kuwa an zare ta daga wuta, saboda ruwa zai shiga wajen wayoyi. Dabarar wanke ta ita ce tururi. Ki zare filogi, ki ba ta kamar minti 5 ta rage zafi, ki shimfiɗa tishun kicin uku ko huɗu da kika jiƙa, ko tsumma mai tsabta, ki rufe murfin ki bar shi minti 10. Daskararren zai yi laushi, sai ki bi ramukan da 'yar abar kankarar roba da ke zuwa tare da ita, ki goge da soso mai ɗan kumfa, ki sake bi da tsumma mai ruwa zalla. Abin yana yiwuwa, amma sai an yi shi a kowane gashi tun na'urar na da ɗumi. Wanda ya ce sai gobe zai sha wahala, kuma daga nan ne ake ɗauko cokali mai yatsu ana kankara, shafen farantin ya tafi.

Shafen nan da ke hana kamu, duk biyun suna da shi, kuma shi ne ran na'urar. Soson ƙarfe, wuƙa da cokalin ƙarfe ba sa zuwa kusa da shi. A yi amfani da na katako ko na silikon. Kada a yanka nama a kan farantin. Kada a bar ta a kunne babu komai a ciki fiye da lokacin ɗumamawa, domin shafen, wanda ake kira Teflon, yana fara lalacewa idan zafi ya wuce digiri 260 na ma'aunin Celsius. Man feshi na gwangwani ma a guje shi, yana barin wani danƙo mai ruwan ƙasa da ba ya wankuwa. Naman ake shafa wa mai, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi tsoka biyu. Idan shafen ya fara ɓarewa, mai cirewa ana iya samun farantin canji a manyan kamfanoni, mai manne kuwa ta gama aiki.

Abu na gaba da za ki duba shi ne mahaɗin murfin. Akwai mai ɗagawa ya daidaita da kaurin abin da aka saka, akwai wanda yake rufewa kamar littafi kawai. Na biyun yana matse naman da ke baya, na gaba kuma ko taɓa shi murfin bai yi ba. Yawancin masu cirewa suna da na farkon, wasu ma suna buɗewa su kwanta shimfiɗe, ki samu wurin gashi ninki biyu.

Gashin kansa ɗaya ne a duk biyun. A ɗumama minti 5 da murfi a rufe. Nama ya zama marar ƙashi, kaurinsa ɗaya, tsakanin santimita 1.5 zuwa 2.5. Ƙirjin kaza a daddaka shi ya baje, zai nuna cikin minti 5 zuwa 7. Tsokar kifi minti 3 zuwa 5. Burodi minti 3 zuwa 4. Cinyar kaza mai ƙashi ba aikinta ba ne sai an fara tafasa ta, in ba haka ba waje ya ƙone ciki da jini. A tsane ruwan nama da tishu kafin a ɗora, kada kuma a cika farantin, domin ruwa yana mayar da gashi ya koma dafuwar tururi, naman ya fito fari fat. Yajin tsire a sa kaɗan da farko, sauran a barbaɗa bayan an sauke. Mai ma'aunin zafin nama ta nemi digiri 74 a tsakiyar kaza, 71 a niƙaƙƙen nama.

Kafin ki biya kuɗi, ki juya ta ki karanta rubutun da ke ƙarƙashi, musamman in ta gwanjo ce. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Wadda aka yi domin Amurka bolt 120 take ɗauka, in aka jona ta kai tsaye zafinta zai ninka kusan sau huɗu, elamen ya ƙone nan take, kuma ƙaramin taransifoman rage wuta ba zai ɗauke ta ba. Ki nemi mai 220 zuwa 240. Sai ƙarfin wutar da take ja: ƙananan masu manne akwai na ƙasa da wat 1000, manyan masu cirewa suna kai wat 2000. Ƙaramin janareton nan na wat 650 zuwa 800 ba zai tayar da babbar ba, inbatar gida ma za ta zuƙe batir da sauri. A soket ɗin bango ake jona ta, siririn ekstenshin narkewa yake yi.

Ga abin da kika lissafa, mai cirewa ce ta dace da ke, matuƙar farantinta na da nauyi kuma wutar gidanki za ta ɗauke ta. In kuɗin da ke hannu na mai cirewa mai arha ne kawai, gara ki ɗauki mai manne ta kamfanin kirki, ki riƙa yi mata tururin nan bayan kowane gashi, kifi kuma ki naɗe shi a takardar gashi kafin ki rufe murfin.