Rayin, Danub ko Sen: abin dubawa kafin ka biya kuɗin jirgin kogi a Turai

Duk wanda ya buɗe shafin kamfanin jiragen kogi na Turai, hoton ɗaki za a fara tura masa a ido: gado lafiyayye, labule a yaye, tsohuwar fada a kan dutse ta bayan gilashi. Nan take sai mutum ya shiga lissafin ɗaki tun bai san kogin da zai hau ba. A ganina wannan fara gini ne daga jinka. Kogi ake fara zaɓa, sannan wuraren da kake son ka taka da ƙafarka, ɗaki ya zo daga baya.

Dalili kuwa jiragen nan kusan duk girmansu ɗaya ne. Tsawon yawancinsu mita 135, faɗi bai kai mita 12 ba, saboda dole su shige ta madatsun nan masu ƙofofi da ke ɗaga jirgi ko su sauke shi. Fasinja kuma tsakanin 150 ne zuwa 190. Ko Viking ka hau, ko AmaWaterways, ko Avalon, ko CroisiEurope ta Faransawa, babu mai iya ba ka katafaren jirgi irin na teku. Inda suka bambanta shi ne inda za a kai ka da abin da aka zuba a cikin farashi.

Kogin Rayin shi ne na masu zuwan farko. Tafiyar da aka fi sani daga Amsterdam take zuwa Basel ta Suwizalan, kwana bakwai, a ratsa Kolon da Koblenz da Sitrasbog. Tsakanin Koblenz da Bingen akwai kilomita 65 da tsofaffin fadoji wajen 40 suka jeru a kan duwatsu hagu da dama. Wannan yinin ba na zaman ɗaki ba ne, saman jirgi ake hawa. Mai neman tarihin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa sai ya buɗe ido, domin abubuwa da yawa wucewa ake yi ta gabansu ba tare da an tsaya ba. A Remagen za ka hangi baƙaƙen hasumiyoyin gadar da sojojin Amurka suka kama ranar 7 ga Maris 1945, wadda ta rufta bayan kwana goma. Jiragen da yawa ba sa tsayawa a wurin, wasu ma da dare suke wucewa. Arnhem, inda sojojin laima na Ingila suka sha kashi a watan Satumba 1944, ba kowane jadawali ya ƙunshe ta ba. An fi samunta a tafiye-tafiyen cikin Holan da Beljiyam. Gidan Anne Frank da ke Amsterdam kuma, inda yarinyar nan Bayahudiya ta ɓuya daga 'yan Nazi, tikitinsa ta intanet ake saye, makonni kafin ranar, don haka kada ka ɗora wannan a wuyan kamfani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a kan Rayin yana Sitrasbog. A watan Maris 1941 wata ƙaramar runduna da ta taso daga Chadi ƙarƙashin hafsan sojan Faransa Leclerc, mafi yawan sojojinta 'yan Afirka, ta ƙwace Kufra daga hannun Italiyawa a saharar Libiya. A can suka yi rantsuwar ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a kan babbar majami'ar Sitrasbog. Tutar ta tashi ranar 23 ga Nuwamba 1944, amma kafin rundunar ta tsallaka Turai an riga an cire baƙaƙen sojojin daga cikinta. Akwai hasumiyar tunawa da Leclerc a dandalin Broglie, tafiyar 'yan mintoci daga majami'ar. Ba lallai ɗan jagora ya kai ku ba. Ka ware rabin awa daga lokacin da ake ba kowa ya yi yawonsa, ka je da kanka.

Danub ya fi nauyi a zuciya. Tafiyar mako guda daga Passau ko Regensburg take farawa, wani lokaci daga Nurembag, ta bi ta Linz da kwarin Wachau da Biyana da Bratislava, ta ƙare a Budafes. In tarihin yaƙi ne ya kawo ka, nemi wadda ta haɗa da Nurembag. A nan filin gangamin 'yan Nazi yake, a nan kuma ɗakin shari'a mai lamba 600 yake, inda aka gurfanar da manyansu daga 20 ga Nuwamba 1945 zuwa 1 ga Oktoba 1946. Kusa da Linz akwai sansanin Mauthausen, inda 'yan Nazi suka tsare mutum wajen 190,000, aƙalla 90,000 suka mutu kafin a 'yantar da shi ranar 5 ga Mayu 1945. Akwai matakala 186 daga ramin fasa dutse zuwa sama, wadda fursunoni ke hawa da dutse a baya. Ga inda matsalar take: ranar Linz ita ce ranar da kamfanoni ke kwasar mutane zuwa Salzburg ko Český Krumlov, yini guda cur. Ba za ka haɗa biyu ba, kuma ba kowane kamfani ke da motar Mauthausen ba. Ka tambaya tun kafin ka biya kuɗin kafin alƙalami.

A Budafes, daf da ginin majalisa, an jera takalman ƙarfe ƙafa 60 a bakin ruwa: na maza, na mata masu tsini, da 'yan ƙanana na yara. An kafa su a 2005 don tunawa da Yahudawan da aka sa suka tuɓe takalmansu a wurin a lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, aka harbe su suka faɗa kogi. Za ka tarar mutane sun saka tsakuwa da furanni a cikin takalman. Ba a biyan ko sisi, kuma daga inda jirage da yawa ke tsayawa da ƙafa ake zuwa. A tsallaken Buda kuma akwai hubbaren Gül Baba, wani shehin Sufaye na Turkawa, wanda ya rasu a 1541, shekarar da Turkawan Usmaniyya suka karɓi birnin suka riƙe shi har 1686.

Masu hali sukan haɗa kogunan biyu, daga Amsterdam har Budafes cikin kwana 14, ta magudanar da aka buɗe a 1992 tsakanin kogin Main da Danub. Tafiya ce mai kyau, sai dai madatsu sun haura 60, kuma a yankin Main ana rufe saman jirgi na kwanaki saboda gadoji sun yi ƙasa.

Kogin Sen kuwa saboda yankin Normandi na arewacin Faransa ake hawansa. Ana tashi daga Faris a je Rouen ko a matsa gaba wajen bakin teku, sannan a dawo. Sai dai a san wani abu: gaɓar da sojojin ƙawance suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944 ba a bakin kogin take ba. Mota ce za ta ɗauke ku wajen awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, a fita da sassafe a dawo da yamma liƙis. Kuma gaɓar kashi biyar ce, ba mai zagaye ta a yini ɗaya. Kamfanin da yawancin fasinjansa Amurkawa ne gaɓar Omaha zai nufa, da maƙabartar Colleville mai kabari sama da 9,300, da Pointe du Hoc. Wasu sukan raba motoci, ɗaya ta bi ta Gold da Juno da Arromanches saboda 'yan Ingila da Kanada. Ka tambayi wacce za a bi. Ka kuma tambayi inda jirgin ke kwana a Faris, domin wasu a tsakiyar birni suke tsayawa, wasu can bayan gari.

Akwai hanya ta huɗu da ba a cika ambata ba in ana zancen yaƙi, wato kogunan Rhône da Saône daga birnin Liyon. A ƙauyen Chasselay, arewa da Liyon kaɗan, akwai maƙabarta mai jar katanga irin ginin ƙasa na Mali. A ciki aka binne kusan 190 daga sojojin Afirka ta Yamma da Jamusawa suka kashe a watan Yuni 1940, da yawansu bayan sun miƙa wuya. 'Yan Senegal ake ce musu, amma daga duk ƙasashen da Faransa ta mallaka a yankin ake ɗebo irin waɗannan sojoji, har da Nijar. Da wuya ka ga wurin a jadawalin kamfani. Ka iso Liyon kwana ɗaya kafin tashin jirgi, ka ɗauki tasi. Kakanninmu na Najeriya da Gana Bama da gabashin Afirka aka kai su, don haka a duk kogunan nan babu inda tarihin yaƙin Hitila ya matso kusa da gida kamar wannan katangar.

Yanzu sai batun yawon da ake fita. Viking tana ba da fita ɗaya kyauta a kowace tasha, galibi zagayen gari da ƙafa, saura kuma ka biya. Scenic da Uniworld da Tauck sun fi tsada tun farko, amma sun cusa kusan komai a ciki, har da kuɗin goron ma'aikata da abin sha. A nan mai kiyaye addininsa zai yi lissafi, domin babban kaso na wannan ƙarin kuɗin giya ne, kuma a Rüdesheim da Wachau fita da yawa ta ɗanɗanon giyar inabi ce. In ba ka sha, sau da yawa ya fi maka riba ka ɗauki kamfani mai matsakaicin farashi, ka sa rarar a fitar Nurembag ko ta Normandi. Mai yara kuma ya sani Viking ba ta ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. A-Rosa ta Jamusawa tana maraba da iyali.

Ɗakuna iri uku ne in aka cire na alfarma. Na ƙasa shi ne mafi araha, tagarsa 'yar ƙarama ce a sama, ba ta buɗewa, ruwa na daf da ita. Na biyu shi ne mai barandar Faransa, wadda ba baranda ba ce ta zama, ƙofar gilashi ce daga ƙasa har sama da kake turawa gefe, da ƙarfen kariya a gabanta. Na uku yana da baranda ta gaske mai kujeru biyu, amma tunda faɗin jirgi ba ya ƙaruwa, daga cikin ɗakin ake yankar wurinta, ko a matse ɗakin da ke ɗaya gefen. A jiragen Viking ɗaki mai barandar Faransa ya ma fi na ƙasa ƙanƙanta. Avalon ta juya gadonta yana kallon taga, abin da ke da daɗi ga mai son kallo daga kwance.

Kafin ka ƙara kuɗi saboda baranda, ga abin da hoto ba ya nunawa. A manyan tashoshi jirage biyu ko uku ake ɗaurewa gefe da gefe. Ka yaye labule da safe ka ga ɗakin wani, tazarar hannu ɗaya tsakaninku, dole ka mayar da labulen. In an shiga madatsa kuma, jiƙaƙƙen bangon siminti mai gansakuka ne zai yi ta zamewa a gaban tagarka, ɗaki ya yi duhu kamar magariba. Sannan yawancin tafiyar da dare ake yinta. Ni barandar Faransa a bene na tsakiya nake zaɓa, nesa da bayan jirgi inda inji yake. Saurayi mai ƙarfin gwiwa da ke son tsimi zai ji daɗin ɗakin ƙasa ba tare da ya rasa komai ba. Amma in da Baba ko Hajiya za a tafi, a guje shi, domin a jirage da yawa na'urar hawa bene ba ta sauka can, ba ta kuma kaiwa saman jirgi. Mai tafiya shi kaɗai ya tambayi ƙarin da ake ɗora masa, wanda kan kai kusan kuɗin mutum biyu.

Abinci kuwa a Jamus da Ostiriya naman alade ya yi yawa. Ka rubuta wa kamfani tun da wuri, ka sake gaya wa shugaban ɗakin cin abinci a daren farko. Kifi da ganye ba sa yankewa, naman halal ne ba a da tabbas da shi. Ka sa 'yar butarka a jaka. Alƙibla tana juyawa da kowace kwanar kogi, a watan Yuni kuma rana ba ta faɗuwa a Amsterdam sai wajen ƙarfe goma na dare. Kolon tana da babban masallaci a unguwar Ehrenfeld, Biyana ma tana da nata a bakin Danub tun 1979, in Juma'a ta riske ka a can.

Ruwan kogi ba ya bin jadawali. A 2018 da 2022 Rayin ya janye sosai a wajen Kaub, aka riƙa sauke fasinja ana sa su a mota ko a sauya musu jirgi. Wajen Agusta zuwa Oktoba ne lokacin janyewa. Wajen Afrilu zuwa Yuni kuma wani sa'in ruwa kan cika har jirgi ya kasa shigewa ƙarƙashin gada. Kamfani mai jirage da yawa iri ɗaya ya fi sauƙin musanya. Ka nemi a nuna maka a rubuce abin da za a mayar maka in tafiyar ta koma ta mota.

Sai biza. Jamus da Holan da Faransa da Ostiriya da Hungari da Suwizalan duk bizar Shengen ɗaya ta ishe su. Kuɗinta yuro 90 ne, ana neman inshorar lafiya ta yuro 30,000, kuma a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa ake nema, ana iya farawa wata shida kafin tafiya. In ka zaɓi gangarawa ƙasan Danub ta Belgired, Sabiya ba ta cikin Shengen, za ka fita ka sake shigowa, don haka sai biza mai shiga fiye da sau ɗaya. Kamfanoni da yawa suna karɓar cikon kuɗi watanni kafin tashi, kuma ƙin ba da biza ba ya cikin uzurin da suke mayar da kuɗi a kansa, sai dai in inshorar da ka saya ta ambace shi da sunansa.