Shebur, Inji Ko Ɗan Kwangila: Kafin Ka Zaɓa, Je Ka Dubi Bakin Titinka

Duk shekara da Oktoba ta kusa ƙarewa sai an samu wani ɗan'uwa da ya sayi gida ko ya kama haya a nan jihar Minisota ta Amurka ya buga mini waya kan share dusar ƙanƙara: "Malam, shebur zan saya ko inji?" Nakan ce masa ya fita ya tsaya daidai inda hanyar garejinsa ta haɗu da titi, domin a nan ne za a yi gumurzun. Dusar ƙanƙarar da ke sauka a gaban gareji tana da sauƙin kai, wani lokacin ma kamar garin rogo take. Amma motar hukuma mai share titi idan ta wuce, garmarta kan tura duk abin da ta kwaso zuwa gefe, ta ja maka kunya a bakin ƙofa kamar ta gonar doya. Wannan kunyar cakuɗe take da gishiri da ruwa da tsakuwa, ga nauyi, idan kuma ta kwana sai ta daskare ta koma dutse. Duk abin da za ka saya, da ita za ka auna shi.

Akwai kuma doka. A birnin Miniyapolis mai gida na da awa 24 bayan dusa ta tsaya ya share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gaban gidansa, in bai yi ba hukuma na iya turo wanda zai share a kawo masa takardar kuɗi. Haramun ne kuma ka tura dusarka kan titi. Saboda haka "bari sai ta narke" ba ya cikin lissafi, musamman a garin da ke samun sama da inci 50 a shekara, wanda a sanyin 2022 zuwa 2023 ya haura inci 90.

Mu fara da shebur. Dole ka mallake shi ko da kana da inji goma, saboda matakala da bakin ƙofa da ƙarƙashin mota. Sayi biyu: mai faɗi na roba wanda ake turawa, da ƙarami mai ɗan zurfi na ɗagawa. Dala 30 zuwa 40 ta ishe ka kowanne. Amma ka dogara da shi kaɗai, a'a. Shekarata ta biyu a gidan nan, bayan sallar asuba na fita da shebur na tunkari kunyar nan, na cika shi fal na juya zan watsa, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Sati biyu ina sallah a zaune. Uwargida ce ke saka mini safa. Ni ma na yi sa'a, domin likitocin nan kullum gargaɗi suke cewa ɗaga jiƙaƙƙiyar dusa cikin sanyi na jawo bugun zuciya, musamman ga magidancin da ya wuce arba'in yake wuni a zaune a ofis ko a mota. Mu da muka taso muna noma mukan raina aikin, muna ganin ai bai kai huɗa ba. Huɗar da ka yi kana ɗan shekara 18 ce, ba yanzu ba.

Inji mai jan waya daga bango: za ka wuni kana warware waya a cikin dusa, ka manta da shi. Mai batir ba shi da ƙara kuma ba ya neman fetur, ya dace da mai ɗan gajeren fili, sai dai sanyi na cin caji, kuma ranar da batirin ya mutu kuɗin sabo zai sa ka yi salati. Shimfiɗa bututun ɗumi a ƙarƙashin siminti kuwa, wannan na masu hannu da shuni ne, ba da su nake magana ba.

Sai ƙaramin injin fetur mai aiki ɗaya, wanda fukafukansa na roba ke shafar ƙasa su watsa dusar kai tsaye. Ba zan zalunce shi ba, yana share siminti tas, ba nauyi, mace ko yaro matashi na iya sarrafa shi. Har wajen inci 8 yana ƙoƙari. Kai shi bakin kunyar motar hukuma ka ga yadda zai tsaya yana tari.

Nawa zaɓin shi ne babban injin fetur mai aiki biyu, mai faɗin baki inci 24, kuma ba na ɓoyewa. Yadda yake aiki shi ne, a gaba akwai haƙoran ƙarfe murɗaɗɗu da ke tauna dusar su tattaro ta tsakiya, a bayansu kuma akwai fanka mai gudu da ke cilla ta ta cikin bututu zuwa can tsakiyar ciyawa. Tayoyinsa da kansu suke tafiya, yana da giya ta gaba da ta baya, kai dai riƙe hannu kawai kana bin sa kamar mai bin shanun huɗa. Nawa Ariens ne, ruwan lemo, kamfanin da ke garin Brillion a jihar Wiskonsin. Maƙwabcina na da Toro ja, wanda hedikwatarsa ke nan Bloomington kusa da mu, shi ma ban taɓa jin ya yi kuka da shi ba. Sabo yakan kama daga dala dubu zuwa sama. Da tsada, na sani. Amma a guguwar farkon Janairun 2023, wadda ta zubar da kusan inci 15, na fito na tarar da kunyar ta kai mini ƙugu. Na sa giya ta ɗaya, na riƙa cusa rabin bakin injin a hankali, ina ja baya ina sake shiga. Kafin shayin uwargida ya huce na buɗe hanya, har na wuce na share wa wata tsohuwa da ke gefenmu. Rannan na yafe wa injin kuɗinsa.

Ka tabbata wanda za ka saya yana da madannin tayarwa na lantarki, wanda ake jona wa waya a bango. Jan igiya irin na janareta a sanyin da ya kai 20 ƙasa da sifiri ba abin wasa ba ne. Fitila ma na da amfani, tunda a Disamba kafin biyar na yamma duhu ya yi. Hannu mai ɗumi kuwa ƙawa ce, safar hannu mai kyau ta wadatar.

Yana da nasa halin. Ba ya share ƙasa ƙal, yakan bar ɗan siriri, sai ka bi da shebur mai faɗi. Yana cin wuri a gareji. Kuma akwai wasu ƙananan ƙusoshi da ke riƙe haƙoran gaba, an yi su ne musamman don su karye idan injin ya haɗiyi abu mai tauri, domin su ceci giyar ciki. Ni tabarmar goge ƙafa ya taɓa haɗiya, ta daskare a ƙarƙashin dusa ban gan ta ba. Ajiye guda huɗu a aljihun rigar sanyinka. Idan bututu ya toshe, kashe injin, ka sa sandar da aka haɗo da shi. Kada ka kuskura ka sa hannu ko da a kashe yake, domin fankar na iya zabura da zarar ta kuɓuta, kuma yatsu da yawa sun tafi ta haka. Kada kuma ka bar shi yana aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa na kisa kamar na janareta a ɗaki. Fetur kuwa, nemi wanda ba a gauraya da itanol ba, wasu gidajen mai a nan suna sayar da shi don ƙananan injuna. In Afrilu ta yi ka tsiyaye tankin, in ba haka ba kafireta za ta toshe kafin baɗi.

To, ga inda na fi son a saurare ni, domin a nan aka cuce ni har sau biyu. Bayan ciwon bayan nan, wani mutum ya ƙwanƙwasa mini ƙofa a watan Nuwamba, da akori-kura mai garma a gaba, da takarda mai tambari. Ya ce zai riƙa share mini dusa a dala 450 na sanyin gaba ɗaya, amma in na biya a take tsaba zai rage hamsin. Na biya. Ya zo sau biyu, na uku wayarsa ta daina shiga. Da na ba wani dattijonmu da ya shekara talatin a ƙasar nan labari, dariya ya yi ya ce, "Ƙanena, a Kurmi ma ba ka biyan kuɗin kayan da ba ka gani ba, sai a nan don ka ga farar takarda?" Ban ce duk 'yan kwangila haka suke ba, akwai na ƙwarai. Amma kada ka biya duka a gaba, kada ka biya tsaba, ka tambayi maƙwabtan da ya yi wa aiki bara. A rubuta a takarda inci nawa za ta zuba kafin ya zo, da ƙarfe nawa zai iso, da kuma ko zai dawo bayan motar hukuma ta wuce. Wannan na ƙarshen shi ne inda suke zillewa: ya share da ƙarfe huɗu na dare, hukuma ta rufe ka da ƙarfe shida, ya ce shi ya gama nasa. Ka kuma tuna kuɗin shekara ba ya dawowa idan dusa ba ta zo ba, kamar sanyin 2023 zuwa 2024 da dusa ta yi ƙaranci sosai.

Cuta ta biyu wajen sayen na hannu ce. Kafin Ariens ɗin nan na sayi wani tsohon inji a intanet. Na isa na tarar da shi yana ta ruri a ƙofar gida, mai shi na murmushi. Washegari da ya kwana cikin sanyi, na ja igiya har kafaɗata ta sage. Ashe ya ɗumama shi ne kafin in zo. Don haka ka ce wa mai sayarwa kada ya tayar sai ka iso, ka ɗora hannu a kan injin ka ji ko da ɗumi. Ka duba baƙin mai. Ka cire ƙusoshin nan ka juya haƙoran da hannu, in sun ƙi motsi tsatsa ta manne su da sandar ciki, wato ƙusar ba za ta ƙara ceton komai ba. Wasu ma noti na gama-gari suke ɗaurawa a madadinta, wanda ba ya karyewa, sai giyar ta fashe. In an kankare lambar jikin injin, juya ka tafi, na sata ne. Wanda ya ce ka turo kafin alƙalami don ya ajiye maka saboda "mutane da yawa na nema", kada ka tura ko sisi. Haka tallan da ke yawo a intanet na sabon inji mai suna a dala 90, wai kamfani na rufe sito. Hoton na gaske ne, injin ne babu.

Har gishirin narkar da ƙanƙara ana yi masa kwalliya. Gishirin dutse na yau da kullum ba ya wani aiki idan sanyi ya wuce kamar 9 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, mai sinadarin kalsiyam ne ke kaiwa wajen 30 ƙasa da sifiri. Sai ka ga buhu mai launin shuɗi da hoton kare, an ninka kuɗi, ka juya baya ka karanta ka tarar yawancinsa gishirin nan ne na gama-gari. Kuma kada ka zuba kamar mai shanya hatsi: hukumar kula da gurɓatar muhalli ta jihar ta ce ƙaramin cokali ɗaya na gurɓata galan biyar na ruwa, kuma cikin kofin shayi ɗaya ya ishi hanyar gareji mai tsawon ƙafa 20. Idan sanyi ya yi tsanani yashi ya fi, aƙalla ba za ka zame ba.

Ni dai tsarina, ina dawowa daga asuba nake fita, kafin kowa ya taka da mota, domin sawun taya na danne dusa ya mai da ita ƙanƙarar da sai Maris za ta tashi. Ina farawa daga tsakiya, ina juya bututun inda iska ta nufa, don na sha wanka da ita a fuska. In ka tsaya kana fuskantar titi, tara dusarka a hannun dama, ka kuma share ɗan fili a bakin titi ta hagu, ta inda motar hukuma ke ɓullowa, don garmarta ta sauke kayanta a can kafin ta iso ƙofarka. Ba ya hana kunyar gaba ɗaya, amma yakan rage ta daga ƙugu zuwa gwiwa.