Adashen fuloti na ƙungiyar kasuwarmu, ga yadda na same shi

Jama'a sai tambayata kuke ta waya a kan tsarin nan na biyan fuloti kaɗan-kaɗan da ƙungiyar 'yan kasuwar layinmu ta fito da shi, to bari in amsa a nan gaba ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, wanda ya sani ya sani.

Ƙungiya ce ta sayi gona babba can bayan gari ta wajen Ungogo, safiyo ya yanka fulotai ya kafa duwatsun iyaka, kai kuma ka ba da kafin alƙalami sannan ka riƙa zuba sauran duk wata har ka gama. Babu kuɗin ruwa ko sisi, kuma gaskiya wannan ne ya jawo yawancinmu, don asusun gidaje na gwamnatin tarayya da aka kafa tun 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 na albashin ma'aikata, bashinsa da ruwa kashi 6 yake zuwa, ko da an ce ka biya cikin shekara 30 ɗan kasuwar Kano da ya ji kalmar ruwa ya kaɗe rigarsa ya yi gaba. Ta ɓangaren kuɗi ban ga almundahana ba, kana turawa asusun ƙungiya alat zai shigo, ma'aji ya rubuta maka rasit mai hatimi, in wata ya zo kasuwa ba ta yi ba ka je ka yi bayani a ɗaga maka ƙafa ba tare da tara ba. A nan kam sai dai a ce Allah ya saka.

Sai dai kar kowa ya ruɗe da takardar da za a miƙa masa. Sa hannun mai unguwa da dagaci ne a jiki, shaida ce ta ciniki amma ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba, tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take. Ka ɗauki ƙafarka ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, a duba maka wurin, in za ka ɗora bulo kuma ka nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kar ka gama zuba gumi wata rana ka tarar da jan fenti a katangarka. Hanyar wurin da damina sai addu'a, wuta babu, sakatare kuma in ka kira shi sau tari wayar sai ta gaji ta katse. Ga siminti da ya haura naira 10,000 a farkon 2024, shi ya sa za ka ga fulotai da yawa an ja harsashi an bar shi ciyawa na ci.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar marasa muhalli. Duk taro ciyaman sai ya kawo zancen bayin Allah da ke kwana a kasuwa, ya ce gwamnati ta dube su, ya ce haya ta fi ƙarfin talaka, kuma wallahi ba ƙarya ya yi ba. Ka tsaya a layinmu bayan isha'i ka gani, 'yan dako sun kife baro sun shimfiɗa kwalin atamfa a bakin shaguna, da hunturu wasu har cikin buhu suke cusa ƙafa, asuba na yi maigadi ya tashe su. To amma a cikinsu wa zai iya kafin alƙalamin fulotin nan? Ko yaron shago da ya shekara goma a wurin maigidansa ba zai iya ba balle mai cin kuɗin dako kullum. Tsarin na masu shago ne kawai, a faɗi haka a wuce wurin. Kuma abin dariya abin takaici, cikin 'yan kwamitin da ke kukan tsadar haya akwai masu gidajen haya da su ma kuɗin shekara suke karɓa dunƙule, ga la'adar dillali a kai, shekara na zagayowa su ƙara.

Ni da za a ji tawa, a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya a kama gida ɗaya kusa da kasuwa mai ɗakuna da banɗaki, ɗan dako ya riƙa biya duk sati daidai ƙarfinsa. Na faɗa a taro aka ce za a kafa kwamiti, har yau shiru.

Mai shago da ke da rarar da zai iya zubawa duk wata ya shiga, ba zai yi asara ba in sha Allahu. Kawai kar ka tura kuɗi asusun wani mutum ko da ciyaman ne da kansa, kuma ka je da magininka ya ga ƙasar wurin kafin ka zaɓi lamba, don fulotan gefen gabas kwari ne ruwa yana kwanciya.