Labarin Ingila: kaya a sauƙaƙe, amma sa hannu ba wasa ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tambayar da kuka fi yi min ita ce wai da gaske ne a Ingila mutum zai shiga shago ya fito da sabuwar iPhone bai biya kuɗinta ba, wai har mota da kujeru da intanet na gida duk ba ka ake yi ka dinga biya wata-wata. Eh gaskiya ne, kuma kayan masu kyau ne ba jabu ba, in ka sayi abu ya zo da matsala kana da kwana 30 da zaka maida shi a baka kuɗinka cif, wannan doka ce tun 2015 ba alfarma ba. Amma abin da ba a sako muku a hotuna shi ne takardar da ke bayan kowane kaya.

Ga yadda abin yake a shagon waya. Yaron shagon zai juyo maka da fuskar kwamfuta, ya ja rubutun da yatsa fuuu har ƙasa, rubutu ƙanana cunkus, ya nuna maka wani ɗan akwati yace sa hannu nan, ga layi a bayanka kai kuma kunya ta hana ka kace bari in karanta. Ka zana sunanka da yatsa shikenan ka ɗaure kanka wata 24, kuɗi zai dinga fita daga asusunka na banki da kansa, in kace ka fasa a wata na shida sai a lissafo maka kusan duk sauran watannin ace biya.

Kuma kar wani yace zai je kotu yace ai ban karanta ba. Tun 1934 aka rufe wannan ƙofar, a shari'ar wata mata mai shagon shayi a Wales da ake kira L'Estrange, ta sayi injin sayar da taba ta sa hannu bata karanta ba, injin ya ƙi aiki, ashe a cikin ƙananan rubutun kamfanin ya wanke kansa daga duk wani alhaki, kotu tace tunda kin sa hannu kuma ba yaudararki aka yi ba to ya hau kanki, kin karanta ko baki karanta ba. Wadda ta fi ba ni tausayi wallahi wata tsohuwa ce Misis Gallie mai shekara 78, tabaraunta ya fashe bata iya karatu sai da shi, aka kawo mata takarda tana zaton kyautar gidanta take yi wa wani ɗan danginta, ashe abokinsa ta mallaka wa, shi kuma ya jinginar da gidan ya ci bashi. Har kotu mafi girma a ƙasar aka je a 1970 kuma aka ce takardar tana nan daram, don ya kamata ta sa a karanta mata. Su a wajensu kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa.

Kai, wani lokacin ma ba sai ka sa hannu ba. Allon da ke kafe a wurin ajiye mota shi ma yarjejeniya ne. Wani mutum Beavis ya ajiye mota a Chelmsford inda aka rubuta awa 2 kyauta, ya ƙara kusan awa ɗaya, aka caje shi fam 85, ya kai har Kotun Ƙoli a 2015 aka ce sai ya biya.

A Najeriya ma in aka je gaban alƙali kusan haka dokar take, bambancin shi ne a gida sau da yawa magana bata kaiwa can, a je da babba a ba da haƙuri a yi sulhu. A nan wasiƙa ce ke bin wasiƙa, daga nan a miƙa ka ga kamfanin karɓar bashi, daga nan kotu, kuma in hukunci ya hau kanka baka biya cikin wata ɗaya ba sunanka zai zauna a rajista shekara 6, haya ta yi maka wuya, bashin banki ya yi wuya, har layin waya na wata-wata sai a hana ka. In ka kira su da wuri kace ka shiga matsi yawanci suna yarda a rarraba maka biyan, shirun ne ke kashe mutanenmu.

Ba zan ɓoye alherin tsarin ba dai. In ta intanet ko ta waya ka ƙulla ciniki, ko a ƙofar gidanka aka same ka, a yawancin kaya kana da kwana 14 na fasawa ba tare da ka faɗi dalili ba, amma a lura, wanda ya shiga shago da ƙafarsa ya sayi lafiyayyen kaya doka bata bashi wannan ba sai in shagon ne ya ga dama. Dokar 2015 ɗin nan kuma tace sharaɗin da ya zalunci mai saye baya aiki a kansa ko da ya sa hannu. In ma'aikaci ya yi maka ƙarya kan abin da takardar ta ƙunsa nan ma kana da mafita, a 1951 wata mata Curtis ta kai rigar bikinta wanki aka ce mata duwatsun adon rigar ne kaɗai basu ɗauki alhakinsu ba, rigar ta dawo da tabo, kotu ta bata gaskiya. Sai dai maganar baki wuyar tabbatarwa gare ta, duk alkawarin da aka yi maka kace a turo maka ta imel. Sannan tun Janairun 2025 hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa ta tilasta wa kamfanonin waya da intanet su faɗa maka tun farko fam nawa zasu ƙara maka a tsakiyar kwantiragi.

Abu biyu ne suka fi tayar min da hankali game da masu zuwa. Na farko tsaya wa wani a haya, ana kawo maka takarda ace ai sa hannu ne kawai don zumunci, alhali in ya kasa biya kai mai gida zai kama, kuma in haya ce ta haɗaka wata takardar har bashin abokan zamansa tana iya ɗora maka. Na biyu takardar aiki, musamman waɗanda suka zo aikin kula da tsofaffi kafin a daina ɗauko su daga waje a 2025, wasu an sa musu sharaɗin cewa in sun bar aikin kafin wani lokaci zasu maida kuɗin da aka kashe wajen kawo su, na ga 'yar uwa tana kuka a kan wannan, aikin ya fi ƙarfinta kuma bata da abin fansar kanta, ga bizarta a ɗaure da mai aikin. Dan Allah duk wanda aka turo wa takardar aiki tun yana gida ya nemi cikakken kwafi ya kai wa lauya ko wani mai jin Turanci sosai su bi ta layi-layi kafin ya sayar da komai nasa. Wanda ya riga ya iso kuma akwai ofisoshin ba da shawara na Citizens Advice a garuruwa da yawa, kyauta suke duba wa mutum takarda su faɗa masa inda ya tsaya.