Google Scholar, bayan shekara uku ina aiki da shi

Aikina taya ɗalibai shirya kundin digiri ne, don haka tambaya daga kowane fanni takan zo mini. Makon jiya wata ɗalibar shari'a ce ke neman hukunce-hukuncen kotunan Amurka kan 'yancin faɗin albarkacin baki, jiya kuma wani ɗalibin injiniya ke neman maƙalu kan tsagewar kankare. Duka a Google Scholar, shafin Google na neman maƙalun ilimi, na samo musu.

An buɗe shi a 2004, kuma kyauta ne. Abin da ya fi burge ni shi ne mahaɗin da ke ƙarƙashin kowace maƙala, mai nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Da shi na bi sawun takardar Einstein ta 1905 kan motsin ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa har zuwa binciken bana, wallahi sai da na manta da abincin rana. Maƙalun fiziks da yawa kuma akwai kwafinsu kyauta daga arXiv, wani shafi da masu bincike ke ajiye maƙalunsu.

Masu nazarin harshe, ku gwada neman kalma da ƙugiya (irin ta ƙ, ɗ, ɓ), sannan babu ƙugiya. Kada kuma yawan ambato ya ruɗe ku, wasu don ƙaryata maƙala suke ambatonta.